Ril ɗin da aka ƙera tun 1948 yana nan yana aiki: yadda masu sha'awar fatsa ke gyara na'urarsu da kansu

Wayar hannu ta shekara biyar ta riga ta tsufa a idon matasa da yawa: batir ya yi sanyi, manhajoji sun daina sabuntawa, bayanta kuma a manne yake da gam. Amma akwai wata na'ura da ba ta kai dunƙulen hannu biyu ba, wadda ake gadon ta daga kaka zuwa jika tana aiki. Ita ce ril, wato na'urar da ake ɗaura wa sandar fatsa domin sakin zare da naɗe shi. A Turai da Amurka da Japan, inda kamun kifi da ƙugiya ya zama abin nishaɗi, gyaran ril ya zama wata sha'awa mai zaman kanta.

Daga agogo zuwa bakin ruwa

Tarihin na'urar ya bayyana dalilin ƙarkonta. Kamfanin ABU na Suwidin, wanda aka kafa a garin Svängsta a 1921, da agogo da mitar tasi ya fara kafin ya koma kayan kamun kifi, ya fito da Ambassadeur a farkon shekarun 1950. Mitchell 300 kuwa ya fito ne a 1948 daga garin Cluses na Faransa, yankin da ya yi suna wajen ƙera kayan agogo. Shimano na Japan da kayan keke ya soma a 1921. Duk masu aikin ƙananan haƙoran ƙarfe ne, shi ya sa suka ƙera abin da sukundireba ke buɗewa, a sauya abin da ya ci, a mayar.

Me ke cikinta?

A ril mai juyawa, wanda aka fi amfani da shi, muhimman sassa huɗu ne. Akwai kwarkwaron da zare ke naɗuwa a kai. Akwai haƙoran giya da ke ɗaukar juyin hannu; idan an rubuta 5.2:1 a jiki, ma'anarsa duk juyi ɗaya na hannu, zare zai zagaya kwarkwaro sau biyar da ɗan ƙari. Akwai boris da ke sa juyin ya yi laushi. Sai kuma birki, wasu siraran washa da aka jera a cikin kwarkwaro, masu barin zare ya riƙa fita a hankali idan babban kifi ya ja. Birkin nan ne ke raba mai komawa gida da kifi da mai komawa da tsinkakken zare. Idan washa suka bushe ko yashi ya shiga, sai su riƙa kamawa suna saki, zare kuwa ba ya jure fizga.

Ƙa'idojin da masu gyara ke bi

Ta farko ita ce wanki bayan kowace fita, musamman a ruwan teku, domin gishiri na cin ƙarfe. Ana ɗaure birki, a yayyafa ruwa mai tsabta a hankali, a goge da ƙyalle. Ruwa mai ƙarfi tura gishiri da yashi yake yi zuwa ciki. Idan ta bushe sai a sassauta birkin kafin ajiya, don kada washa su daɗe a matse su lalace.

Ta biyu ita ce sanin inda giris ke zuwa da inda mai ke zuwa. Giris kaɗan a haƙoran giya, ɗigon mai mara kauri ɗaya a boris da ɗan gargaren da zare ke bi ta kansa. Sabon shiga yakan cika ciki da giris yana ganin alheri ya yi, sai hannu ya yi nauyi, ƙura ta samu wurin maƙalewa. Idan giris ya shiga sashen da ke hana hannu komawa baya, yana iya sulɓewa daidai lokacin da kifi ke ja. WD-40 kuma yana kore ruwa yana narkar da tsohon giris, amma ba ya maye gurbin man ril.

Ta uku, a nan waya ke da amfani: hoto kafin a cire kowane sashe. Masu gyara na jera sassan a kiret ɗin ƙwai bi da bi, su sauko da zanen sassan samfurin daga intanet, inda kowane noti da sifirin ke da lambarsa. Da wannan lamba ake neman sabo, ko a sayi mataccen ril irinsa a cire kayansa.

Ƙofar da ke rufewa

Sabbin samfura sun fi na da sauƙin nauyi da laushin juyi, amma wasunsu sun fara bin sawun waya. Daiwa, alal misali, na da fasahar Magsealed, inda ake toshe hanyar ruwa da wani mai na musamman da maganaɗisu ke riƙewa. Tana hana gishiri shiga, sai dai wanda ya buɗe wurin a gida ya ɓata toshiyar, dole a kai wa ƙwararru.

Don haka masu gyara ke ba sabon shiga shawara ɗaya: ya fara koyo da tsohon ril mai araha, kuma kafin ya sayi sabo ya duba ko ana samun zanen sassansa da kayan gyaransa. Idan babu, ranar da sifirin ɗaya ya karye, ranar na'urar ta zama shara.