Ƙungiyoyin Tallafa wa Ɗalibai 'Yan Tsiraru a Fannonin Injiniya da Kimiyya a Amurka

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana asali da ayyukan ƙungiyoyin da ke tallafa wa ɗaliban da al'ummominsu ba su da yawa a fannonin injiniya da kimiyya da ilimin kwamfuta a jami'o'in Amurka. Waɗanda ake nufi su ne baƙar fata, da masu asali daga Latin Amurka, da 'yan asalin ƙasar waɗanda Turawa suka tarar, da kuma mata.

2.0 Asalinsu

Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta haramta wariya a makarantun da ke samun kuɗin gwamnatin tarayya. Sai dai samun gurbi daban, kammala karatu daban. Ɗalibin da ya fito daga sakandare mai raunin lissafi, kuma ya tarar shi kaɗai ne irinsa a aji, yakan sauya fanni ko ya bar karatun.

Ana iya kasa ƙungiyoyin gida biyu. Kashi na farko shi ne wanda ɗalibai suka kafa da kansu. Alal misali, a 1971 Edward Barnette da Fred Cooper suka kafa ƙungiyar ɗaliban injiniya baƙar fata a Jami'ar Purdue ta jihar Indiyana. A Afrilun 1975 ɗalibai 48 daga makarantu 32 suka taru a can, suka mayar da ita ta ƙasa baki ɗaya da sunan NSBE. Kashi na biyu kuwa ma'aikata ne suka kafa, daga baya aka buɗe rassa a jami'o'i. A nan ne ake samun SWE ta mata injiniyoyi ta 1950, da SHPE ta masu asalin Latin Amurka ta 1974, da AISES ta 'yan asalin ƙasa ta 1977.

3.0 Ayyukansu

Ayyukan rassan sun kasu uku. Na farko, bitar darussa a ƙungiyance, inda na gaba ke koya wa na baya lissafi da fiziks. Na biyu, tarukan shekara-shekara da ke haɗa ɗalibai da kamfanoni masu ba da tallafin karatu da aiki. Na uku, ziyarar makarantun sakandare domin yara su ga injiniya mai kama da su, domin kuwa gani ya kori ji.

4.0 Kammalawa

A Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ba da gurbi. Hukuncin ya shafi ƙofar shiga ne, alhali aikin waɗannan ƙungiyoyi shi ne shirya ɗalibi kafin ya iso ƙofar, da riƙe shi bayan ya shiga. Saboda haka nauyin da ke kansu ƙaruwa ya yi.