Yadda masara da shanu suka ceci manoman Wiskonsin

A ƙasar Amirka akwai wata jaha mai suna Wiskonsin. Da farko, alkama manomanta suke shukawa kowace shekara, ba hutu, ba taki. Bayan 1860 ƙasa ta gaji, ƙwari suka faɗa ma alkama, amfani ya ragu. Wasu suka bar gonakinsu, suka yi ƙaura.

Wani ɗan jarida mai suna Hoard ya ba manoma shawara su kama kiwon shanun tatsa. A 1872 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar masu nono.

Amma can, lokacin sanyi ciyawa ba ta fitowa. Sai manoma suka riƙa yanke masara tana ɗanya, su daddatse ta, su danne cikin rami ko rumbu. Tun da iska ba ta shiga, ba ta ruɓewa. Shanu suka ci, nono bai yanke ba. Kashin shanu kuma ya koma gona, ƙasa ta farfaɗo.

Wajen 1915 Wiskonsin ta wuce dukan jahohin Amirka wajen nono.

Gona ta ciyar da saniya, saniya ta ciyar da gona. Manomi, kafin ka ƙona kara, tuna da wannan.