Jitar Lantarki: Abin da Mai Saye Zai Duba Kafin Ya Biya

A ƙasar Kabi, kamar sauran ƙasar Hausa, idan makaɗi zai sayi garaya ko gurmi, abu na farko da yakan yi shi ne ya ƙwanƙwasa cikin abin da yatsa, ya kasa kunne. Yana da hujja, domin ƙoƙon da fatar da aka rufe shi da ita su ne ke karɓar rawar tsirkiya, su kaɗa iska, har sauti ya kai kunnen jama'a. Amma akwai abin kiɗan da wannan gwaji ba ya da amfani a kansa, wato jitar lantarki wadda jikinta dunƙulallen katako ne, babu rami a ciki. Ko an ƙwanƙwasa ta, ba abin da za a ji sai irin ƙarar ƙyauren ɗaki.

Irin wannan jita ce ƙashin bayan kiɗan rok, kuma sautinta ba baƙo ba ne a kwarin Rima. Kiɗan jita na Abzinawan Nijar, irin su Bombino na Agadas, ya daɗe yana yawo a wayoyin samari. Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008. Saboda haka ba abin mamaki ba ne saurayi a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, ko a Argungu, ya tara kuɗi da niyyar mallakar tasa. Sai dai sau da yawa abin da zai samu gwanjo ne da ya fito daga kasuwa mai nisa kamar Alaba ta Legas, inda mayar da kaya bayan ciniki yake da wuya. Ga shi kuma fenti da sheƙi, waɗanda ido ke fara kamawa, ba su da hannu a cikin sauti.

Asirin wannan jita yana ƙarƙashin tsirkiyoyi, cikin wata 'yar na'ura da za a iya kira maɗaukin sauti. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe mai kaurin gashin kai, zagaye wajen 8,000. Tun a 1831 Michael Faraday na Ingila ya gano cewa idan ƙarfin maganaɗisu ya canja kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki yakan gudana a cikin wayar. Tsirkiyar jita ta ƙarfe ce. Da zarar an taɓa ta, rawar da take yi tana motsa ƙarfin maganaɗisun, sai a sami ɗan lantarki, wanda galibi bai kai bolt 1 ba, yana kai da komowa daidai da saurin rawar. Tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, mafi siranta kuwa sau 330. Wannan ɗan lantarki ne amfilifaya ke ƙarfafawa ta miƙa wa lasifika. Da za a ɗaura tsirkiyar roba ko ta gashin doki irin ta goge, da shiru za a ji, domin maganaɗisu bai san da su ba.

To me ya sa aka cike cikin jitar? Jitocin lantarki da makaɗa suka yi yayi a shekarun 1930 masu rami ne, kuma idan aka ƙure ƙara, sautin lasifika yakan koma ya girgiza jikinsu, jikin ya girgiza tsirkiya, abin ya yi ta zagayawa har ya zama kuwwa mai kashe kunne. Dunƙulallen katako ba ya girgiza da sauƙi. Har ila yau, ba ya shanye ƙarfin tsirkiya da wuri, don haka sauti yakan daɗe bai mutu ba, abin da makaɗan rok ke matuƙar so. Leo Fender na Amurka ne ya fara ƙera irinta da yawa don kasuwa a 1950, kamfanin Gibson ya biyo baya da samfurin Les Paul a 1952, sannan Fender ya fito da Stratocaster a 1954. Yawancin jitocin da ake sayarwa har yanzu kwaikwayon waɗannan ne, kuma su kansu kamfanonin suna da masu rahusa: Squier na Fender, Epiphone na Gibson. Dillalai kan cika baki da sunan itacen da aka yi jikin da shi. Itace yana da tasiri a kan nauyi, domin Les Paul takan wuce kilo 4 a kafaɗa, amma ta fuskar sauti rabonsa kaɗan ne idan aka gwada shi da na maɗauki da amfilifaya.

Maɗauki iri biyu ne, kuma a nan zaɓi na gaske yake. Mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster, sautinsa siriri ne mai kaifi, kowace tsirkiya ana jin ta daban. Shi Jimi Hendrix ya yi suna da shi, shi ne kuma a hannun Mdou Moctar. Aibinsa shi ne naɗin waya tamkar eriya yake: yana kwasar gurnanin wutar gida, wadda a Nijeriya take juyawa sau 50 a daƙiƙa, musamman kusa da taransifoma ko fanka ko doguwar fitilar fuloresan. Seth Lover, injiniyan Gibson, ya magance wannan da naɗi biyu masu saɓa wa juna, maganaɗisunsu ma a juye. Gurnanin da ɗaya ya ɗauko sai ɗayan ya soke shi, alhali sautin tsirkiya haɗuwa yake yi ya ƙaru. An fara sa shi a jikin Les Paul a 1957. Sautinsa ya fi kauri, ya fi dacewa da rok mai nauyi, kuma a gidan da wayarin ɗinsa ba shi da tabbas ya fi kwantar da hankali. Gwada maɗauki ba wuya: a kunna amfilifaya, a ɗan taɓa kan maganaɗisun da makulli, lafiyayye zai amsa da ƙara. Mitar mai gyaran rediyo ma takan nuna wajen om 6,000 ga mai naɗi ɗaya, 8,000 ko fiye ga mai biyu.

Amma inda jita ta fi mutuwa a wannan yanki shi ne wuya. Tsirkiyoyi 6 suna jan wuyan da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 40 zuwa 50, dare da rana, shi ya sa ake binne sandar ƙarfe a cikinsa mai noti a ƙarshe domin daidaita shi. Katako kuwa, ko an shafe shi da fenti, yana shan laima yana fitarwa. Masu ƙera jita sun fi son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. A Birnin Kebbi takan faɗi ƙasa da kashi 20 lokacin hunturu, sannan ta haura ƙwarai da damina sa'ad da fadama ta cika. Jitar da ta saba da iskar Legas, idan ta ci hunturu guda a nan, katakon wuyan yakan tsuke, amma 'yan sandunan ƙarfen da aka gicciya a kansa ba sa tsukewa, sai bakinsu ya fito yana yankar yatsa. Wannan ana iya goge shi da magagari. Abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi shi ne wuyan da ya murɗe, ko notin da ya cije ya ƙi juyawa. Mai saye sai ya ɗaga jitar ya hango wuyan daga kai zuwa gindi, yadda kafinta ke duba katako.

Akwai kuma gwaji na lissafi. Sanda ta 12 tana daidai tsakiyar tsirkiya, saboda haka idan aka danne a wurin, tsawon ya ragu da rabi, saurin rawa ya ninka biyu. Ya kamata a ji sautin farko ne sak, sai dai ya fi shi siranta. Idan ya kauce kaɗan, ana gyarawa da sukurorin jakin da tsirkiyoyi ke hawa. Tazarar tsirkiya da wannan sanda kada ta wuce milimita 2 da yawa, in ba haka ba ɗan koyo zai gaji da ciwon yatsu ya jingine abin a bayan ƙofa.

Saura amfilifaya, wadda mutane kan bari sai kuɗi sun kusa ƙarewa, alhali ita ce rabin sautin. Wadda aka yi don Amurka bolt 120 take sha, wutar Nijeriya kuwa 230 ce. Idan aka jona ta kai tsaye za ta ƙone, don haka dole a karanta rubutun da ke bayanta. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne wayar ƙasa. A cikin jita akwai waya da ta haɗa tsirkiyoyi da ƙarfen jikin amfilifaya domin rage gurnani, ma'ana hannun makaɗi a haɗe yake da na'urar muddin yana kiɗa. Idan wuta ta zurare cikin ƙarfen, kuma babu wayar ƙasa da za ta kwashe ta, jikin mutum ne zai zama hanya. Leslie Harvey, makaɗin jita na ƙungiyar Stone the Crows, ya rasu a kan dandamali a Swansea a 1972 da ya taɓa makirufo marar wayar ƙasa. Keith Relf na Yardbirds ya rasu a gidansa a 1976 yana riƙe da jita. Gidaje da yawa ba su da wannan waya, ƙananan janareta ma galibi ba a haɗa su da ƙasa, ga al'adar karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket. Amfilifayar da aka ga an karya mata wannan ƙafa, ko aka taɓa tsirkiya aka ji tana ɗan cizo, sai mai aikin lantarki ya duba ta, ya kuma duba soket ɗin ɗakin da za a riƙa jona ta.