Majigi Ya Wuce, Wa Zai Ɗauki Labarinmu?

Dattawanmu a Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi suna tunawa da majigi. Mota ta zo, a kafa farin ƙyalle a fili, bayan magariba gari duka ya taru. Da haka aka koya wa manoma noman auduga ta fim ɗin Baban Larai. A 1976 kuma Adamu Halilu ya mai da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shaihu Umar, ya zama fim da Hausa.

Wannan ya nuna mana fim ba shashanci ba ne, makaranta ce. Amma yau idan yaro ya ce zai koyi aikin, sai mu iyaye mu ɗaure fuska.

Mu duba abin da ke ɓace mana. Jirgin ƙasa ya iso Kaura a 1929. Waɗanda suka yi dakon gyaɗa a tashar sun kusa ƙarewa. Hare-haren 'yan bindiga sun watse ƙauyuka da yawa a ƙasar Zurmi da Shinkafi. Tsoho in ya rasu a gudun hijira, tarihin garinsu ya bi shi kabari.

Akwai makarantar koyon aikin fim ta ƙasa a Jos. Wanda ya koyo zai iya dawowa ya koya wa ƙannensa. Kafin nan, wayar hannu ta isa. Ya ku iyaye, ku bar yaro ya zauna gaban kakansa ya ɗauki maganarsa tun yana da rai.