Waƙa Daga Cikin Hawaye

Karatu: Makoki 3:19-33

Tambayarmu ta yau ita ce: wahala ce take haifar da waƙa?

Mu mutanen Michika ba sai an gaya mana wahala ba. A watan Satumba 2014 Boko Haram suka kama garinmu. Wasu suka hau duwatsu, wasu suka nufi Yola, wasu Kamaru. A ƙarshen Oktoba Mubi ta faɗi, aka kai wa hedkwatar EYN da ke Kwarhi hari. Duk da haka, a 2015 mawaƙan Zumuntar Mata ta EYN suka zaga ikkilisiyoyi a Amurka suna rera yabo.

Bari mu duba Littafin Makoki. An rubuta shi bayan Babilawa sun rushe Urushalima a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Marubucin bai zubar da kukansa barkatai ba. Ibrananci yana da haruffa 22. Sura 1, 2 da 4 kowacce tana da ayoyi 22, kowace aya kuwa ta fara da harafinta bi da bi. Sura 3 tana da ayoyi 66, uku ga kowane harafi. Wato ya zauna, ya jera baƙin cikinsa daga harafin fari zuwa na ƙarshe, ya miƙa wa Allah. A tsakiyar wannan jeri ne ya tuna da amincin Ubangiji.

Saboda haka, 'yan'uwa, ba wahala ce take ba da baiwar waƙa ba. Allah ne yake bayarwa. Wahala takan rufe bakin mutum ma. A Zabura 137 kamammu sun rataye garayunsu a Babila, sun kasa waƙa. In akwai wanda ya yi shiru a gidanmu tun gudun nan, kada mu tsauta masa. Amma wanda Allah ya buɗe wa baki, ya ɗauki nauyin ɗan'uwansa ya sa cikin waƙa.

A addu'ar iyali da dare, bari tsofaffi su faɗi abin da suka gani, matasa kuma su shirya shi cikin waƙa da Kamwe ko Margi, domin jikokinmu su san wanda ya komo da mu gida.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka karɓi hawayenmu, ka ba masu shiru ta'aziyya, ka ba masu waƙa kalmomin gaskiya. Cikin sunan Yesu, amin.