Hasken Da Ido Ba Ya Gani

Manomin da ya ɗaga kai da dare a Ƙaraye ko Rogo, taurari kaɗai yake gani. Alhali akwai wani haske mai tsananin ƙarfi, irin wanda likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, mai fitowa daga kewayen matattun taurari. Iskar da ta lulluɓe duniya takan shanye shi. Wannan kariya ce ga rayukanmu, amma ta rufe wa masana ido. Don haka tilas a kai na'urorin hange can sama da iska. Ran 12 ga Disamba 1970 aka harba tauraron ɗan'adam Uhuru daga gaɓar tekun Kenya, ya gano mafitar wannan haske har 339. A 2012 Amurka ta harba NuSTAR domin hango mafi ƙarfinsa.