Lissafin Zaɓen Shugabannin Ƙungiya Idan Akwai Sharaɗi

Unguwar Zango ta Wagadugu, wadda ake kira Zangouettin, tsohon mazaunin Hausawa 'yan kasuwa ce. A shekarar 2003 aka rushe ta a ƙarƙashin shirin ZACA, mazaunanta suka watsu zuwa wasu unguwanni. A irin wannan hali ƙungiyar taimakon juna ce kan riƙe zumunci, kuma tana buƙatar shugaba da sakatare da ma'aji. To, ta hanya nawa za a iya cike waɗannan kujeru uku?

1. Idan babu sharaɗi

A ce ƙungiyar tana da mutum 8, kuma ba mai riƙe muƙami biyu. Kowane cikin 8 ɗin yana iya zama shugaba. In an naɗa shi, saura 7 ga kujerar sakatare, sannan 6 ga ta ma'aji: 8 × 7 × 6 = 336. A lura, Audu shugaba Tanko ma'aji daban yake da Tanko shugaba Audu ma'aji.

2. Sharaɗin cancanta

Da Faransanci ake rubuta takardun hukuma a Burkina Faso, saboda haka dole sakatare ya iya shi. A ce mutum 3 kaɗai suka iya. Sai a fara da kujerar da ke da sharaɗi: 3 × 7 × 6 = 126. Da an fara da shugaba, da lissafin ya rikice, domin ba za a san ko masu Faransancin 3 suka rage ko 2 ba.

3. Sharaɗin hani

Maganar kuɗi ita ke raba ƙungiya, don haka akan hana wa da ƙane haɗa shugabanci da ajiya. A nan ya fi sauƙi a ƙirga abin da aka hana, a ɗebe shi. 'Yan'uwan suna iya riƙe kujerun biyu ta hanya 2, sakatare kuma ya fito daga sauran 6: 2 × 6 = 12. Ke nan 336 − 12 = 324.

Aikin yi

(a) A karanta lissafin da baki, da kalmomin "sau", "a ɗebe" da "saura".
(b) A haɗa sharaɗi na 2 da na 3, idan 'yan'uwan biyu ba su iya Faransanci ba. Hanya nawa ta rage?